Me ya sa ba a yi mana bayani a ɗakin gaggawa ba?

Malam, ka rubuto cewa ka kai mahaifinka asibiti wajen ƙarfe 2 na dare, numfashi na neman gagarar sa. Mutum uku suka jera maka tambayoyi iri ɗaya, aka shigar da wani da ya zo bayanku, ma'aikata na ta Turanci a kan gadonsa kai kana tsaye kamar baƙo, kuma sai da gari ya waye kafin wani ya gaya maka ruwa ne ya taru masa a huhu. Kana so ka sani ko wulaƙanci ne ko haka aikin yake, sannan me ya kamata mutum ya faɗa idan ya kai nasa cikin gaggawa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na haura shekara 15 a ɗakin gaggawa, wanda aka fi sani da emajansi. A cikin abin da ka lissafa akwai wanda tsarin aiki ne da ya kamata a fahimtar da kai, akwai kuma wanda gazawarmu ce tsantsa. Ba zan haɗa su in wanke mu gaba ɗaya ba.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona wa mutane rai, wato tsallake layi. A ɗakin gaggawa ba a bin wanda ya riga zuwa, ana bin wanda ya fi kusa da halaka ne. Wannan tantancewa daga fagen yaƙi ta taso. Dominique Jean Larrey, likitan tiyata na rundunar Napoleon ta Faransa, shi ya dage a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani ko da ƙaramin soja ne, babban hafsa ya jira. Yau da launi ake yi. A ma'aunin da aka tsara a Afirka ta Kudu, wanda asibitoci da dama a nahiyar nan suka ara, mai jan launi nan take ake duba shi, mai ruwan lemo cikin minti 10, mai rawaya cikin awa 1, mai kore kuwa yana iya jiran awa 4. Abin da ke rikita 'yan jinya shi ne, sau da yawa mai ihu ba shi ne ja ba. Wanda ke kururuwa da karyayyen hannu yana da numfashin da zai yi kururuwar, jini kuma na isa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ke tayar mana da hankali shi ne wanda ya yi tsit, gumi na keto masa, hannunsa ya yi sanyi ƙalau. Mai yiwuwa irin wannan aka shigar gabanku. To amma ko da haka ne, gaya maka ba zai ci daƙiƙa 10 ba: "Malam, wannan jini yake zubarwa, da shi za mu fara. Ka zaunar da Baba kada ya kwanta, ga oksijin mun sa masa, in ka ga numfashin ya ƙara tsananta ka ƙwala min kira." Da an faɗa maka haka, da ba ka kwana kana zaton sanayya aka yi ba.

Maimaita tambaya kuma yawanci da gangan ne. Wadda ta tarbe ku a ƙofa so take ta san launin da za ta ba shi, likitan da ke bakin aiki yana neman tarihin ciwon, wanda aka kirawo daga sashen masu ciwon zuciya kuma yana da nasa abin da yake nema. Kuma labari yana cika ne da maimaici. Sau nawa na ga sai a tambaya ta uku ɗa zai dafa kai ya ce, "Af, ai maganin hawan jinin nasa ya ƙare tun sati biyu, ba mu sake saye ba." Wannan jimlar ita ce makullin ciwon gaba ɗaya. Haka nan tambayar suna kafin allura ko ƙarin jini, ko sau goma aka yi kada ka gaji, domin jinin da bai dace ba yana kisa. Inda nake ganin laifinmu shi ne idan an sake tambayar ne don wanda ya fara ji bai rubuta ba, ko ya tashi aiki bai miƙa wa na bayansa ba.

Wannan ya kawo ni ga Turancin da ka ji muna yi. Da shi aka koyar da mu, sunayen magunguna da shi suke, abokin aikina kuma yana iya zama Bayarabe ko Ibo ko Batibi. Amma da za ka saurara da kyau, a ɗakin da ke aiki yadda ya kamata za ka ji maganar tana da ƙa'ida. Likita zai kama suna ya ce, "Sista, a ba shi furosemide miligiram 40 ta jijiya." Ita kuma ta mayar masa, "Furosemide 40 ta jijiya." In ta gama ta ce, "An ba shi, ƙarfe 2 da minti 20." Daga matuƙa jirgin sama aka koyo wannan mayar da magana. Dalilinta a fili yake: cikin hayaniya, 15 da 50 a Turanci kusan sautinsu ɗaya, kuma idan aka jefa umarni a iska aka ce "wani ya kira ɗakin jini", kowa zai ɗauka wani ya tafi, a wayi gari babu wanda ya motsa.

Akwai kuma tsarin da muke kira SBAR, na kiran babban likita ko miƙa marar lafiya. Abu huɗu ne a jere: halin da ake ciki yanzu, abin da ya gabata, abin da nake gani, da abin da nake so a yi. Sojojin ruwan Amurka ne suka fara amfani da irinsa, asibitocin Kaiser Permanente suka shigo da shi harkar lafiya wajen 2002, yanzu yana cikin darasin kulawar gaggawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa. A kan Baba zai fita kamar haka: "Dattijo ne a gado na uku, numfashi 34 a minti, oksijin ya sauka. Yana da hawan jini, ya daina shan magani sati biyu. Ina ganin ruwa ne a huhu. Ina so ka zo yanzu." Ka kwatanta da "Likita, akwai wani tsoho ba shi da lafiya, in ka samu dama ka leƙo." Na biyun ya fi ladabi a kunne, amma shi ke sa likita ya gama abin da yake yi tukuna. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda aka yi a asibitocin yara 9 na Amurka da Kanada, ya nuna cewa gyara yadda ake miƙa aiki ya rage kurakurai da kashi 23 cikin 100, cutarwar da za a iya kauce mata kuma ta ragu da kashi 30. Ba sabon magani aka kawo ba, ba sabuwar na'ura.

Abin da ya fi wannan wuya a wurinmu shi ne ƙarami ya buɗe baki a gaban babba. An tarbiyyantar da mu da kawaici, asibiti kuma wuri ne na muƙami. Amma matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A 2005 a Ingila, wata mata mai shekara 37, Elaine Bromiley, ta je ƙaramar tiyatar hanci. Bayan an sa mata maganin barci aka kasa shigar mata da bututun numfashi. Manyan likitoci suka duƙufa suna sake gwadawa, lokaci na tafiya. Wata nas ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta sanar cewa ga su, babu wanda ya tanka mata. Matar ta rasu bayan kwana 13 saboda ƙwaƙwalwarta ta daɗe babu iska. Mijinta Martin, matuƙin jirgin sama ne, shi ya mayar da labarin darasi da ake koyarwa har yau. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, a wannan ɗakin in kin ga abu ki faɗa da suna da lamba, in ba a ji ba ki sake faɗa da ƙarfi. Ladabin ya dawo bayan marar lafiya ya farfaɗo.

Sai babbar maganar, wato barin ka da aka yi har safiya babu bayani. Wannan kuskure ne, ba ni da abin kare shi. Na san yadda yake faruwa: nas biyu a ɗaki cike, likita ɗaya da bai runtsa ba tun jiya, tsoron kada ka faɗi abu ya canja a riƙe ka da shi, da ɗabi'ar nan ta "bari likita ya zo zai yi muku bayani" alhali shi likitan yana zaton mun riga mun yi. Duk da haka haƙƙinku ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta a sanar da marar lafiya halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su, kuma ta ce a yi hakan gwargwadon iko da harshen da yake ji, a yi la'akari da zurfin karatunsa. Sashe na 20 ya haramta a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta ce a fara yi musu magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Na kawo su ne don ka san cewa in ka ce "don Allah a gaya min abin da ke damunsa", ba alfarma ka roƙa ba.

Kuma shirun yana da illa ga maganin kansa. A irin ciwon Baba, abin da ake yi shi ne a zaunar da shi, a ba shi oksijin, a yi masa allurar da za ta sa ya yi ta fitsari ruwan ya ragu. Ƙarin ruwa a wannan halin ƙara dulmuyar da shi ne. To mutanenmu kuwa, in ba su ga leda na ɗiga ba, gani suke ba a fara komai ba. Na taɓa samun wani ɗan jinya da dare yana kiciniyar buɗe ledar ruwan da muka rufe da gangan, yana zaton mantawa aka yi. Ƙauna ce ta sa shi, mu kuma ba mu gaya masa dalilin rufewar ba. Tun daga ranar nake tsayawa in ce, "Ruwa ne ya yi masa yawa, cire shi muke yi, kada a ba shi ko a buɗe wannan sai mun ce." Minti ɗaya ne, kuma yana mayar da ɗan jinya abokin aiki, ya zama idona a bakin gadon lokacin da nake can wani gadon.

Yanzu ga ɓangarenku. Abu na farko da nake roƙo, ku zaɓi mutum ɗaya ya yi magana, kuma ya zama wanda ya ga yadda abin ya fara, ko da ba shi ne babba ba. Sau da yawa babban wa ne ke amsa tambaya saboda girma, alhali daga kasuwa aka kira shi, matar da ta kwana da marar lafiyar kuma tana rakuɓe a waje an ce ta jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A shigo da ita.

Sannan lokaci. "Tun ɗazu" da "ya kwana biyu" ba sa taimakonmu, don a bakin Bahaushe kwana biyu na iya zama wata guda. In ba ka duba agogo ba, ka auna da salla: bayan la'asar ne ko kafin magariba, ya yi isha'i da ƙafarsa ko a zaune. Ni da kaina haka nake tambaya, kuma amsar ta fi fita daidai. Lokacin yana da nauyi domin wasu magungunan suna da wa'adi. Allurar tranexamic acid da ke rage zubar jini, ga wanda ya yi haɗari ko maijego, cikin awa 3 na farko take amfani. Maganin narkar da gudan jini ga mai shanyewar ɓarin jiki, a inda ake da shi, ƙa'idarsa awa 4 da rabi daga lokacin da aka ga mutum lafiya lau na ƙarshe.

Sai kalmomi, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. In na ce wa dattijo "Baba, yaya jiki?", ko yana kan gargara zai ce "Da sauƙi, alhamdulillahi." Amsar gaisuwa ce da godiya ga Allah, kuma tana da kyau, amma ba bayanin ciwo ba ce. Sabon ma'aikaci, musamman wanda ba a nan ya tashi ba, yana iya rubuta cewa ya samu sauƙi ya wuce. Don haka bayan gaisuwa sai in sake tambaya: yanzu da lokacin da kuka zo, wanne ya fi? Za ka iya kwanciya a miƙe ko sai a zaune? Matashin kai nawa kake sawa da dare? Haka "ciwon zuciya": wani zafin ƙirji yake nufi, wani ƙunar gyambon ciki, wata kuma baƙin ciki ne ya dame ta. "Sanyi" da "basir" da "daji" kowannensu buhu ne da ake zuba cututtuka iri-iri. Shi ya sa muke cewa nuna min da yatsa. Kai ma in kana bayani, ka faɗi abin da idonka ya gani kafin sunan da aka ba ciwon a gida: ya yi amai sau uku, na ƙarshen da jini, ƙafafunsa sun kumbura tun sati ɗaya.

Kalma ɗaya tana iya juya magani gaba ɗaya. A 1980 a jihar Florida ta Amurka, an kai wani saurayi ɗan shekara 18, Willie Ramirez, a sume. Danginsa masu jin Sifaniyanci suka ce "intoxicado", suna nufin wani abu da ya ci ko ya sha ya ɓata masa jiki. Aka fahimce su da cewa ƙwaya ya sha ta yi masa yawa. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa, kafin a gano hannuwa da ƙafafunsa sun shanye. Ina tuna wannan duk lokacin da aka kawo Bafulatana ko Babarbariya da ba ta jin Hausa sosai, aka jawo yaro ɗan shekara 10 ya yi tafinta. Yaro ba zai iya tambayar uwarsa al'adarta ba, ita ma ba za ta faɗa ta bakinsa ba. A nemo babbar mace, ko cikin ma'aikata.

Kunya kuwa ta fi bambancin harshe ɓoye mana abubuwa. Wani dare aka kawo wata amarya da ciwon mara, tare da uwar mijinta da ƙanin mijin. Duk tambayar da likita ya yi, uwar miji ke amsawa, yarinyar ta rufe fuska da mayafi. Aka tambaya ko tana da ciki, aka ce babu. Na lura leɓenta ya yi fari, bugun jininta na gudu. Na ce, "Mama, ku ɗan ba mu wuri zan gyara mata zane." Da suka fita na ja labule, na sunkuya daidai kunnenta na ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da al'ada?" Cikin raɗa ta ce wata biyu. Cikin fari ne, ba za ta iya furta shi a gaban surukarta ba. Ba a cikin mahaifa ya zauna ba, a waje ne, ya fashe, jini na taruwa a cikinta. Cikin awa ɗaya tana ɗakin tiyata, kuma ta tashi. Saboda haka in muka ce ku fita, ba raini ba ne. Doka ma ta ba marar lafiya haƙƙin sirri, ko daga danginsa.

Haka batun abin da aka sha a gida. Jiƙo, rubutu, allurar kemis, maganin ƙarfin maza, tramadol, duk ku faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In yaro ya sha fiya-fiya ku zo da kwalbar, domin maganin wannan gubar daban ne da na kananzir, kuma kada a ɗura masa manja ko a sa shi amai. Na san dalilin da ya sa ake ɓoyewa: mu ne muke yi wa mutane tsawa, "me ya sa sai yanzu kuka kawo shi?" Uwar da aka yi wa wannan tsawar a gaban jama'a ba za ta ƙara faɗin gaskiya ba, wataƙila ma gaba ba za ta zo ba. Wannan gyaran namu ne.

Akwai maganar sa hannu. Mace baliga mai hankalinta tana da ikon amincewa a yi mata aiki, wanda ya suma kuma babu nasa a kusa ana ceton ransa ba tare da jiran kowa ba. Amma a zahiri na sha ganin mace na zubar da jini tana cewa sai maigida ya zo, wayarsa kuma a kashe. Ina roƙon magidanta, tun cikin yana ƙarami ku furta a gaban iyali cewa in ta taso a yi duk abin da likita ya ce, ko kuna nan ko ba kwa nan.

In kana so ka yi tambaya a ɗakin, ka duba lokacin da ma'aikaci ya ɗago daga kan marar lafiya, kada ka tare shi yana tsakiyar sa allura. Ka tambayi abu uku: me kuke zaton yana damunsa, me ake yi masa yanzu, me zan lura da shi in kira ku. In an amsa da Turanci ka ce a faɗa maka da Hausa. Sannan ka maimaita abin da ka fahimta, kamar yadda muke yi a tsakaninmu: "Wato kada in ba shi ruwa, in tara fitsarinsa a wannan robar ku auna?" In an ce ba a sani ba tukuna ana jiran gwaji, wannan ma amsa ce ta gaskiya, ka tambayi ƙarfe nawa za ka dawo. In an canja ma'aikata da safe, ka je ka gabatar da kanka ga sababbin. In kuma wani ya ci maka mutunci, ka nemi shugabar ɗakin, akwai ta a kowane lokacin aiki.

Game da Baba, kafin a sallame ku ka tabbata an rubuta maka sunan ciwon a takarda, da sunan kowane magani da yadda ake shan sa, da ranar dawowa. Ka tambaya gishiri da ruwa nawa aka yarda masa, kuma wace alama ce in ka gani za ka dawo da shi ba jira, ko da tsakar dare ne. Takardar da kwalayen magungunan ka haɗa su a leda ɗaya, ka ajiye inda kowa a gidan ya sani. In Allah ya sa aka sake fita da shi cikin gaggawa, ledar nan ita za ka fara miƙa wa wadda ta tarbe ku a ƙofa.